Shantun Dudu

Shekarar da jiragen ruwa suka makara,
auduga ta yi tsauni a bakin Binuwai,
ina 'yar sha uku, ƙafa duk faso,
ina bin Inna da ƙullin wanki a ka
zuwa gidan Barau mai goro, a Garwa.

Daga soro na ji shi: wani mutum a cikin akwati
yana rera abin da ban san harshensa ba,
bayan muryarsa kamar ana suyar gyaɗa.
Na tsaya baki sake
har wata ta leƙo, hannu ja da lalle,
ta ce, "Garmaho ne. Shigo, ba ya cizo."
Dudu ke nan, autar gida, mai wushirya,
wadda ko tsintsiya ba ta taɓa ɗagawa.

Muka yi ciniki irin na yara:
ni in murɗa hannun akwati sau goma,
ita in koya mata shantu.
Cinyarta ba ta san duka ba.
Kwana uku tana ɗingishi,
tana ce wa uwarta santsi ne ya kwashe ta,
ni ina bayan rumbu ina ƙyaƙyatawa.

Faifai ɗaya muke so, mai hoton kare.
Na riƙa satar muryarsa kaɗan-kaɗan
ina zubawa a shantu
kamar mai tarar ruwan indararo.

Ran wata Laraba ya faɗi.
Daga hannunta ya faɗi, Allah shaida.
Barau ya fito, ya dubi ɓari biyu a ƙasa,
ya dube ni. Bai dubi 'yarsa ba.
Ita kuwa yatsun ƙafarta take ƙirgawa.

Aka sallami Inna, ko kuɗin sabulu babu.
A hanya ba ta dake ni ba, ta dai ce,
"Tasalla, ƙwarya ta bi ƙwarya.
In ta bi akushi, ita ke fashewa."
Daminar nan tafasa muka ci
har harshenmu ya yi kore.

An yi wata biyu. Wani dare, bayan danga,
na ji shantu yana kuka a hannun da bai iya ba.
Kiɗan faifan ne, amma a gaɓa ta uku
sai ya yi tuntuɓe, ya koma, ya sake tuntuɓe.
Na toshe kunne. Na juya wa danga baya.
Yunwa na jure, ƙarya ma na jure,
wannan kuskuren ne ya gagare ni jurewa.

Na fita na fizge shi. "Ba haka ba ne, sakarya!
Tafin hannu tukuna, sannan cinya."
Ta ce, "Na faɗa wa Baba jiya."
Na ce, "Jiya?"
Ta ce, "Jiya."
Ban ce na yafe ba. Na dai matsa mata a tabarma.

Barau bai aiko ba. Manya ba sa aikowa.
Sabulu dai ya riƙa zuwa a ɓoye cikin zanenta,
Inna na karɓa, ba godiya, ba mayarwa.

Da fatauci ya mai da gidansu Marwa
ta tafi da shantuna, na riƙe ɓarin faifai.
Shekara arba'in, saƙo sai a bakin direbobi:
ta haihu, ta yi Hajji, idonta ya soma hazo,
wai har yanzu in mata sun taru
sai ta ce a ba ta wuri, Garwa za ta tuna.

Bara jikarta ta kawo shi, naɗe cikin ɗankwali,
bakinsa ya tsage, an ɗinke da zare.
Ban tambaya ba. Ɗankwalin ya faɗa mini.

Yanzu in gari ya yi shiru nakan ɗora shi a cinya.
Mutumin akwati, ban san sunansa ba har yau,
babu mai sauran muryarsa sai ni.
In na zo gaɓa ta uku
hannuna ya san daidai sarai,
amma tuntuɓenta nake bugawa.